Kiɗa a Bakin Teku: Tarihin Dandalin Libreville da Baƙon da Ke Gasa Nama a Ƙofarsa

Wannan shi ne bayanin da muka kawo muku a filin tarihi, mun sa shi a takarda saboda wanda shirin ya wuce shi yana daji da dabbobi, ko yana layin duwan yana jiran a sallami motarsa.

Yau Libreville muka nufa, babban birnin ƙasar Gabon. Da wuya ka shiga garin kan iyaka, daga Illela da Ƙonni har Jibiya da Maraɗi da Magarya, ka rasa gidan da ake cewa wane ya tafi Gabon. Labarin da ke dawo mana daga can yawanci na kuɗi ne da tsadar rayuwa da takardar zama. Amma akwai wata ƙofa da ake shiga tarihin garin ta ita, wato dandali: inda ake kiɗa, inda jama'a ke taruwa a fili da dare. Tambayoyinmu uku ne. Wa ke biyan makaɗi? Wa ake bari ya shiga fili? Kuma idan taro ya rikice, me ke samun baƙo?

Garin 'yantattun bayi

Libreville na zaune a bakin wani makeken ruwa inda kogin Komo ke shiga teku. Masu wurin na asali su ne ƙabilar Mpongwe, mutanen jirgin ruwa da fatauci. A 1839 wani jami'in sojan ruwan Faransa, Bouët-Willaumez, ya ƙulla yarjejeniya da sarkinsu da Turawa ke kira Denis. A 1846 Faransawa suka kama wani jirgin safarar bayi mai suna Elizia, a 1849 kuma aka zaunar da wasu daga cikin bayin da aka 'yanta a wannan gaɓa. Daga nan sunan ya fito, ma'anarsa garin 'yantattu. Garin ya riƙe matsayin hedikwatar mulkin Faransa a wannan yanki har 1904, lokacin da aka mayar da ita Brazzaville.

Kafin zuwan jita da lasifika, ƙasar tana da kiɗanta. Akwai ngombi, wani abin kiɗa mai tsirkiya takwas da ake kaɗawa a bukukuwan al'adar Bwiti, ana kwana ana yi. Ƙabilar Fang ta arewa kuma tana da mvet, wanda mai kaɗa shi ke kwana yana rera labarin yaƙe-yaƙen jarumai, kamar dai yadda makaɗan fada a wurinmu ke jero tarihin mazan jiya.

Ku riƙe wani abu game da yanayi, don shi ke tsara lokacin wasa. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara guda ya kusa milimita 3,000, wato abin da Maraɗi ke samu a shekara biyar ko fiye. Kuma lokacinsu ya saɓa da namu. Daga Yuni zuwa Satumba, muna tsakiyar damina muna noma, su kuma a lokacin ne sama ke ɗauke musu ruwa. Shi ya sa manyan tarukan fili suka taru a waɗannan watanni: bikin kiɗa na 21 ga Yuni da suka gada daga Faransa, hutun 'yan makaranta, da bikin samun 'yancin kai na 17 ga Agusta, wanda ake faretinsa a babban titin bakin teku.

Yadda namu suka isa

Hausawa ba jiya suka je Gabon ba. Sun fi shekara ɗari a lardin Woleu-Ntem na arewa, a garuruwa irin su Bitam da Oyem da Minvoul. Ta Kamaru suka gangaro da fatauci. A 1911 Faransa ta miƙa wa Jamus wannan yanki aka haɗe shi da Kamaru, abin da ya ƙara buɗe hanya ga fataken arewa, kafin Faransa ta karɓe abinta a yaƙin duniya na farko. Jikokin waɗancan fatake 'yan Gabon ne a yau, can aka haifi iyayensu da kakanninsu. A kudancin Kamaru da Gabon kuwa, kalmar Bahaushe ta faɗaɗa, har takan haɗa duk wani Musulmi ɗan arewa mai doguwar riga, ko da Bafulatani ne ko Babarbare.

Makiyaya, ga abin da ya shafe ku kai tsaye. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gabon kurmi ne, kuma ƙudan tsando ya hana farar saniya da jar saniya irin namu zama. Ɗan abin da ake kiwo a manyan gandaye yawanci gajerun shanun Ndama ne masu jure cutar sammore. Saboda haka naman da Libreville ke ci, ko dai daskararre ne da jiragen ruwa ke kawowa, ko kuwa dabbobi ne da ake lodowa daga Kamaru. Hanyar sananniya ce: daga Adamawa a bi Yawunde, Ebolowa, Ambam, a ƙetare iyaka a shiga Bitam, Oyem, Mitzic, Ndjolé, Kango, Ntoum, sai Libreville. A ƙarshen wannan doguwar tafiya akwai wani tebur da wuƙa da garwashi a bakin titi. Mutanen garin suna kiran gasasshen naman da ake yanka musu ƙanana-ƙanana coupé-coupé, mu kuwa da mun gan shi mun san ɗan'uwan balangu ne. Da yawa daga masu wannan sana'a baƙi ne daga Afirka ta Yamma da arewacin Kamaru, namu na ciki. Duk inda aka kunna lasifika a Libreville, za ka ga hayaƙin nama a kusa. To kun ga tarihin dandalin nan da mu a ciki, ko da ba mu ne bisa dandamali ba.

Rumba ta ƙetaro daga Kongo

A zamanin Turawa dukiyar Gabon katako ce, musamman icen okoumé da ake fitarwa Turai. Sansanonin yankan katako suka kwashi samari daga ƙauyuka, idan an biya su sai su gangaro Libreville da Port-Gentil su kashe kuɗin. Ga ma'aikatan ofis daga Senegal da Dahomey da Togo, ga ma'aikatan jiragen ruwa. Inda albashi ya haɗu da kaɗaici, nan gidajen rawa ke tsirowa.

Kiɗan da ya cika waɗannan gidaje daga Kongo ya zo. Tashoshin rediyon Brazzaville da Léopoldville, wadda ta zama Kinshasa, sun watsa rumba a duk tsakiyar Afirka, fayafayan garmaho kuma suka bi 'yan kasuwa. Lokacin da Gabon ta samu 'yancin kai a 1960 ƙarƙashin Léon Mba, samarin Libreville sun riga sun koyi kaɗa jita irin ta Kongo. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Hilarion Nguema da ƙungiyarsa Afro-Succès, mai waƙar zaman duniya da rigimar miji da mata cikin Faransancin kan titi da kowa ke ganewa. A wancan lokaci mai gidan rawa shi ke sayen kayan kiɗa, shi ke biyan makaɗa, kuɗin kuma daga aljihun talakan da ya zo rawa suke fitowa.

Mai ya zo, ubangida ya canza

An fara samun man fetur a yankin Port-Gentil a 1956. A 1967 Léon Mba ya rasu, Albert-Bernard Bongo ya gaje shi. Ranar 12 ga Maris 1968 ya kafa jam'iyyar PDG, ta zama ita kaɗai ce a ƙasa. A 1973 ya musulunta ya zama Omar Bongo, a wannan shekarar kuma farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Ƙasa mai mutanen da ba su kai miliyan ɗaya ba ta wayi gari da kuɗin da ba ta taɓa gani ba. Aka fara shimfiɗa layin dogo daga Owendo zuwa Franceville. Aka gina otal-otal da manyan tituna da zauren taro domin taron ƙolin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da Libreville ta karɓa a Yulin 1977, shekarar da Legas ta yi bikin FESTAC. Aikin ya fi ƙarfin hannun 'yan ƙasa, sai baƙi suka kwararo: magina, direbobi, malaman makaranta, teloli, mahauta, 'yan tireda.

Kiɗa ma sai ya koma hannun gwamnati. Manyan ƙungiyoyin makaɗa na wancan zamani na masu kaki ne. Sojoji na da Massako, inda shahararren mawaƙi Mackjoss ya yi zamaninsa. Jandarmomi na da Akweza, 'yan sanda na da Diablotins. Makaɗi ya samu albashi da kayan kiɗa na zamani, amma fa a ƙarƙashin kwamanda yake. A gefe guda kuma jam'iyya ta kafa ƙungiyoyin mata masu waƙa da rawa, kowane lardi da tasa, suna fitowa da anko ranar 12 ga Maris da duk ranar da shugaba zai tarbi baƙo. Mafi shahara ita ce Kounabeli, wadda uwargidan shugaban ƙasa, Joséphine Bongo, ke jagoranta. Mutanen Nijar da suka ga zamanin Samariya a mulkin Seyni Kountché ba sa buƙatar dogon bayani a nan.

Ita wannan uwargida, bayan aurenta da Bongo ya mutu a wajajen ƙarshen shekarun 1980, sai ta ɗauki sunan Patience Dabany ta zama mawaƙiya sosai, ta yi suna a Afirka. Ɗanta Alain, wanda duniya ta sani daga baya da Ali Bongo, shi ma ya fitar da faifan waƙa a 1977 da taimakon Charles Bobbit, manajan mawaƙin Amurka James Brown. Shi kansa James Brown ya yi wasa a Gabon a tsakiyar shekarun 1970 bisa gayyatar fadar shugaban ƙasa. Wato a Gabon gidan mulki bai tsaya ga yi wa makaɗa kyauta ba, shi ma ya hau dandamali.

Mu Hausawa mun san wannan tsari sarai. Makaɗin fada yana da gida da doki da riga, amma ba ya zagin sarki. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya ɗan kauce wa layi a lokacin shi ne Pierre Akendengué, haifaffen 1943, wanda ya tafi Faransa karatu da neman maganin ido. A can ya fitar da faifansa na farko, Nandipo, a 1974, yana waƙa da harshen Myene da Faransanci kan 'yancin Afirka da halin talaka. Daga nesa ya fi samun bakin magana. Shi ma daga baya ya dawo gida, har ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan al'adu.

Bob Marley a gaban manya

A watan Janairun 1980 aka yi wasan da har yau ake labarinsa. Bob Marley, ɗan Jamaika, wanda waƙoƙinsa kusan duk kan Afirka da waɗanda ake zalunta suke, bai taɓa yin wasa a nahiyar ba sai a Libreville. Pascaline Bongo, 'yar shugaban ƙasa, ita ta gayyato shi, a cikin shagulgulan zagayowar ranar haihuwar mahaifinta. Ya yi wasa sau biyu. Mawaƙin talakawa ya zo Afirka, amma gidan mulki ne ya biya kuɗin jirgi da masauki, 'ya'yan manya kuma su ne a sahun gaba.

'Yan kasuwa, ga naku darasin a ciki. A wannan tafiya ce rigima ta ɓarke tsakanin Marley da manajansa Don Taylor, bayan ya gano cewa kuɗin da aka biya na wasan sun fi abin da aka gaya masa. Nan suka raba gari. Duk wanda ya taɓa ba dillali saniya ya sayar, daga baya ya ji ainihin farashin a bakin mai saye, ya san irin zafin nan. Bayan wata uku, a Afrilun 1980, Marley ya yi wasa a bikin 'yancin kan Zimbabwe, a can kuwa shi ya ɗauki nauyin kai kayan kiɗansa. Ya rasu a Mayun 1981.

A Fabrairun 1992 Michael Jackson ma ya sauka a Libreville. Ziyara ce ya kawo, bai yi wasa ba, amma jama'a sun yi dafifi a tituna don su gan shi, kuma Ali Bongo na cikin masu yi masa rakiya.

Tashar da ta kai Libreville har rugga

Mu ma'aikatan rediyo, wannan babin namu ne. A Fabrairun 1981 aka buɗe tashar Africa N°1, haɗin gwiwar gwamnatin Gabon da wani kamfanin Faransa. Ɗakunan shirye-shiryenta na Libreville, manyan na'urorin watsawa kuma na Moyabi, a kudu maso gabashin ƙasar. A gajeren zango take, saboda haka ƙaramin akwatin rediyo mai batir ya isa ya kamo ta daga Dakar har Kinshasa. Ƙarfin na'urorin Moyabi ya sa har gidajen rediyon Faransa da Japan suna hayar su don su isar da shirye-shiryensu.

Dattawanmu na Nijar da suka yi tashe a shekarun 1980 da 1990 za su tuna ta. Direban babbar mota a hanyar Kwatano, tela a Zinder, ɗalibi a Yamai, duk sun ji sababbin waƙoƙin Kongo da Kamaru da Kodebuwa ta wannan tasha. Waƙar da Africa N°1 ta riƙe, ta shiga kasuwar kaset ke nan. Babban misali shi ne Oliver N'Goma, haifaffen Mayumba a 1959, mai ɗaukar hoto a gidan talabijin na Gabon. Waƙarsa Bane, wadda ya yi da Manu Lima ɗan asalin Kef Bad, ta yi tashe a farkon shekarun 1990, ta zagaye gidajen biki na Afirka baki ɗaya. Mutane da yawa sun yi rawarta ba su san ko da kalma ɗaya ta harshen da aka yi ta ba. Ya rasu a Libreville a Yunin 2010.

Ita ma tashar ubangida ne ya ɗaga ta, rashin ubangida ya kayar da ita. Libiya ta sayi kaso mafi tsoka a cikinta a zamanin Gaddafi. Da gwamnatinsa ta faɗi a 2011 sai kuɗi suka ƙafe, ma'aikata suka yi ta bin bashin albashi, na'urorin Moyabi suka yi shiru.

Kiɗa ya canza

Farashin mai ya faɗi a 1986. A shekarar ce kuma aka tsaurara maganar katin zama ga baƙi. A 1990 yajin aiki da zanga-zanga suka tilasta wa Bongo kiran taron ƙasa, aka koma tsarin jam'iyyu da yawa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ku 'yan kasuwar iyaka kuka ji a jikinku. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Samarin unguwannin talakawa, waɗanda a can ake kira mapane ko matiti, suka rungumi rap. Wannan kiɗa ba ya buƙatar jita goma da albashin soja, makirfo ɗaya da kaset sun isa. Ƙungiyoyi irin su V2A4 da Movaizhaleine da Raaboon suka fito suna maganar rashin aiki da cin hanci, wasunsu suna haɗa rap da sautin ngombi na kakanni. Daga 2003 aka fara bikin Gabao na shekara-shekara, mawaƙan rap na ƙasashen tsakiyar Afirka suna haɗuwa a Libreville.

A 1997 kuma magajin garin Libreville, Paul Mba Abessole, limamin coci da ya zama madugun adawa, ya ƙirƙiro Bikin Al'adu. Aka fito da kiɗa da rawa da abinci na ƙabilun ƙasar fili, har da al'ummomin baƙi mazauna garin. Wannan karon ba sai kana da katin jam'iyya ko katin gayyata ba.

Amma gidan mulki bai saki dandali ba. Da Omar Bongo ya rasu a 2009, Ali Bongo ya yi kamfe a matsayin ɗan takarar matasa, ya hau dandamali tare da mawaƙan rap. Wasu suka bi shi suka samu motoci da kwangila, wasu suka ƙi, wasu ma suka bar ƙasar bayan rikicin zaɓen 2016. Wanda ya ga yadda mawaƙan siyasa ke rabuwa a Kano lokacin zaɓe ya san fim ɗin.

Idan taro ya juya kan baƙo

Yanzu ga ɓangaren da ya fi nauyi. Babban taron fili a Libreville ba na kiɗa kaɗai ba ne, har da ƙwallo, kuma a nan tarihi ya bar tabo. A 1962 rikici kan wasan ƙwallo tsakanin Gabon da Kongo Brazzaville ya kai ga kashe-kashe da korar 'yan ƙasashen juna. A 1978, bayan cacar baki tsakanin Bongo da shugaba Mathieu Kérékou, aka far wa 'yan Benin, aka wawashe rumfunansu, aka kwashe dubbai aka mayar gida. A 1981 hatsaniya a wani wasan ƙwallo a Duwala ta sa aka auka wa 'yan Kamaru mazauna Libreville, su ma dubbai suka fice. A farkon 1995 gwamnati ta ba marasa takarda wa'adi, dubun-dubatar baƙi suka bar ƙasar, 'yan Najeriya da Nijar da Mali na ciki.

Ku lura da abu guda. A duk waɗannan, wanda ya yi asara ba shi ya buga ƙwallon ba, ba shi ya yi cacar bakin ba. Mai rumfa ne a kasuwar Mont-Bouët, mai tebur ne a bakin titi. Jama'ar da ta sayi namanka jiya da dare tana dariya, ita ce za ta iya kifar da teburin yau idan an zuga ta.

Akwai kuma ranakun daɗi, kada mu yi rashin adalci. A 2012 Gabon da Equatorial Guinea suka karɓi gasar cin kofin Afirka, karo na farko ke nan da Mena ta Nijar ta je gasar. Ranar 23 ga Janairu ta kara da mai masaukin baƙi a sabon filin Angondjé da Sin ta gina. Gabon ta ci 2 da nema, Aubameyang na cikin masu jefa ƙwallo. 'Yan Nijar mazauna garin sun ga tutarsu a fili, aka tashi lafiya. A wannan fili Zambiya ta ɗauki kofin ranar 12 ga Fabrairu, a garin da jirgin 'yan wasanta ya faɗa teku a Afrilun 1993. A 2017 gasar ta sake dawowa, Kamaru ta doke Masar 2 da 1 a wasan ƙarshe.

Daren da tukwane suka yi magana

Rayuwar dare a Libreville, daga gidajen rawa na unguwar Louis zuwa ƙananan mashayu na Akébé da Nzeng-Ayong da Lalala, tana ciyar da dubban mutanen da ba sa rawa: mai tasi, mai gadi, mai gasa kifi, mai nama, mai shayi. An gane haka sosai a 2020, da cutar korona ta sa aka rufe wuraren shaƙatawa aka kafa dokar hana fitar dare. A Fabrairun 2021 aka matso da dokar zuwa ƙarfe 6 na yamma. Jama'a suka ce ba za su iya ba. Kowane dare wajen ƙarfe 8 sai a fito ƙofar gida da tukwane da murafu da ludaya ana bugawa, unguwa na amsa wa unguwa. Suka sa wa abin suna wasan kiɗan tukwane. Ba ubangida, ba tikiti, ba dandamali. Mutum biyu sun rasa rayukansu a Libreville a cikin waɗannan darare.

Ranar 26 ga Agustan 2023 aka yi zaɓe, da yamma gwamnati ta katse intanet ta sake kafa dokar hana fita. Ranar 30 ga wata, jim kaɗan bayan an ce Ali Bongo ya lashe, sojoji ƙarƙashin Janar Brice Oligui Nguema suka karɓe mulki. Mulkin gidan Bongo na kusan shekara 56 ya ƙare, jama'a suka fito tituna suna waƙa. Daga inda ake tsare da shi, Ali Bongo ya aiko da bidiyo da Turanci yana roƙon abokansa na duniya su yi hayaniya a kansa. Cikin 'yan kwanaki samari suka yanka muryar suka ɗora ta bisa kiɗa, aka yi ta rawa da ita a wayoyi daga Libreville har Abidjan. Mutumin da ya fara da faifan waƙa a 1977, da waƙa aka raka shi. Dokar hana fitar dare kuwa ba ta tafi da shi ba, an yi ta sassauta ta, amma sai a ƙarshen 2024 aka ɗage ta gaba ɗaya. Fiye da shekara guda ke nan masu sana'ar dare suna tattara kaya da wuri.

Abin da za mu ƙulla a bakin zane

Amsar tambayarmu ta farko ta fito. A Libreville an yi zamanin da talaka ke biyan makaɗi, aka yi zamanin da kuɗin mai ke biyansa, kuma duk lokacin da kuɗin man suka ja baya, sai muryar unguwa ta ƙara fitowa. Ta biyu ma haka: fili yakan buɗe ko ya rufe gwargwadon yadda masu mulki ke jin tsoron taro.

Ta uku ita ce tamu. Ga mai niyyar tafiya, ko mai ɗa ko ƙane a can, tarihin nan na cewa abu uku. Na ɗaya, kasuwar dare a Libreville tana da lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba da kuma ƙarshen shekara ne take ci, dokar hana fita guda ɗaya kuma tana iya kashe ta, don haka kada jari duka ya kwana a tebur ɗaya. Na biyu, takarda. Gabon na cikin ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ne, ba ta cikin ECOWAS, katin da ke ƙetarar da kai Kwatano ko Lome ba ya aiki a can. Biza da katin zama suna da tsada, amma ba su kai tsadar barin rumfa cike da kaya ba, ballantana shiga kwalekwalen dare daga gaɓar Kalaba, hanyar da ta ci rayuka da yawa. Na uku, ranar zaɓe da ranar babban wasan ƙwallo tsakanin Gabon da ƙasarka, ka karanta fuskar gari kafin ka hura wuta. Ka san shugabannin al'ummarku, ka san maƙwabtanka 'yan ƙasa, don su ne za su fara ɓoye ka ko su fara nuna ka.

Mu ma nan gida akwai abin dubawa. Ranar kasuwa, ranar hawan salla, ranar sharo ko kokawa, akwai baƙo a bakin filinmu yana sayar da abinsa, wani daga ƙetaren iyaka, wani daga kudu. Yadda muke so a riƙe namu a Mont-Bouët, haka ya kamata mu riƙe shi.

Nan za mu dasa aya. Wanda ya yi zaman Gabon, ko ya taɓa rakiyar dabbobi ta hanyar Ambam da Bitam, ƙofar tasha a buɗe take, ya zo ya ba masu sauraro abin da idonsa ya gani, don gani ya kori ji. Makiyaya, Allah ya ba da sa'ar kiwo. 'Yan kasuwa, Allah ya kawo ciniki. Sai mun haɗu a shiri na gaba.